Tafiya Ƙasar Waje Ba Abokin Tafiya: Darasi Daga Hanyar Legas Zuwa Gana

Kowace shekara idan 'yan aji shida suka ajiye alƙalamin jarrabawarsu ta ƙarshe, mukan san cewa ba za su ƙara taruwa wuri ɗaya kamar haka ba. Waɗansu jami'a za su shiga a nan gida, waɗansu sana'a za su kama. Akwai kuma waɗanda kafin shekara biyu ko uku za su sami kansu a wata ƙasa, don karatu, ko neman aiki, ko taron matasa na ikkilisiya, ko ziyarar ɗan'uwa. Da yawa cikinsu su kaɗai za su tafi, ba uba, ba malami, ba motar makaranta da za ta jira su a bakin ƙofa. Saboda su muka shirya wannan darasi, da kuma iyayen da za su sallame su.

Don kada maganar ta watse, za mu ɗauki hanya guda mu bi ta, wato hanyar mota daga Legas zuwa Akra, babban birnin Gana, wanda tsofaffi ke kira Ankara. Nisanta bai kai kilomita 500 ba, bai ma kai daga Legas zuwa Abuja ba. Amma a wannan ɗan tsakanin mutum zai ƙetare iyaka uku: Seme tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Binin, Hilakonji tsakanin Binin da Togo, sai Aflawo tsakanin Togo da Gana. Zai taɓa kuɗi iri uku, naira da sefa da sidi. Harshen ma'aikata zai juye daga Turanci zuwa Faransanci, ya sake komawa Turanci. Har agogo ma sai ya canja. Wanda ya fahimci wannan hanya ya fahimci yawancin abin da zai tarar a tafiya mai nisa ta jirgin sama.

Zuwa ƙasar Gana ba sabon abu ba ne ga mutanen arewa. Tun kafin zuwan Turawa fataken ƙasar Hausa suna zuwa Gwanja sayen goro, suna sauka a kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau. Tafiyar watanni ce da jakuna, cikin ƙasashen da ba su jin yarensu. Abin lura shi ne, ba wanda yake kama wannan hanya shi kaɗai. Ayari ake haɗawa. Akwai madugu, shugaban tafiya, wanda ya san sarakunan hanya da abin da ake biya a kowane mashigi. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da wurin sauka. Idan aka isa gari, zango ake nufa, inda fatoma yake, wato mai masaukin baƙi, wanda zai ba falke ɗaki, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in rigima ta tashi. Unguwannin da ake kira zango har yau a Kumasi da Akra da Lome da Kwatano sunansu daga nan ya samo asali.

Yanzu mota da jirgi sun rage tafiyar watanni zuwa kwana ɗaya, ayari kuma ya watse. Yarinya mai shekara 19 tana iya sayen tikiti ta ƙetare ƙasa uku ba tare da kowa ya tambaye ta wa ya san ta fito ba. Amma bukatar da ta sa fatake suka naɗa madugu suka nemi fatoma tana nan yadda take. Baƙo bai san farashi ba, bai san unguwar da ba a shiga da dare ba, bai san wanda ke da ikon tsayar da shi da wanda kakin ƙarya ya sa ba. Shi ya sa muke cewa, ko da kujera ɗaya kuka saya a mota, kada ku fita sai kuna da mutum biyu: ɗaya a gida wanda ya san hanyar da kuka bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku, ɗaya kuma a can wanda yake jiranku, wanda zai tashi nema idan ba ku iso ba. Duk sauran abin da za mu faɗa a ƙarƙashin wannan yake.

Mutumin da ke jiranku

Na gida ba shi da wuyar samu. Abin da ake mantawa shi ne a ba shi bayani a rubuce: sunan kamfanin motar, ranar tashi, sunan mai masauki da lambarsa da unguwarsa. A kuma yi alkawari takamaimai, misali, "Zan kira daga Seme, in sake kira in na shiga Gana. In ƙarfe tara na dare ta yi ba ku ji ni ba, ku kira wannan lambar." Cewa "zan riƙa kira" ba alkawari ba ne, domin ba wanda zai san lokacin da shiru ya zama abin damuwa.

Na can shi ne mai bukatar bincike. Tambayar da za ku yi ita ce: wane ne a nan gida ya taɓa ganin wannan mutum ido da ido, ya san gidansa? In amsar ita ce ba kowa, sai dai kun saba a Facebook ko WhatsApp, to ba ku da mai masauki tukuna, suna kawai kuke da shi da hoto. A nan ikkilisiya tana da taimakon da ba a cika amfani da shi ba. Ku je wurin fastonku tun da sauran makonni, ku roƙi wasiƙar gabatarwa zuwa wata ikkilisiya a garin da za ku, ku roƙe shi ya yi magana da faston can da bakinsa. In makaranta za ku, ku nemi lambar ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi daga shafin makarantar na intanet, ku kira da kanku ku tabbata sunanku yana cikin waɗanda aka ɗauka. Kada ku dogara ga lambar da dillalin da ya nemo muku gurbin ya ba ku.

Muna tsananta wannan ne saboda hatsarin da ya fi cin matasanmu a ƙasashen waje tun daga gida yake farawa, da albishir. Wani zai ce akwai aiki a kanti ko otal ko shagon gyaran gashi, albashi mai tsoka, kuɗin mota ma an biya, ba a bukatar fasfo, "kada dai ka gaya wa kowa sai abin ya tabbata, ka san mutane da baki." Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin motar nan shi ne bashin da za a ce sai an biya ninkin ba ninkin kafin a saki mutum. 'Yan mata akan tilasta su karuwanci. Samari akan tara su a gida ɗaya, a karɓe wayoyinsu, a sa su kiran 'yan'uwa su turo kuɗi ko su jawo waɗansu. Saboda girman wannan matsala gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003 don yaƙi da safarar mutane, kuma tana da ofisoshi a shiyyoyin ƙasar nan inda iyaye za su iya kai tambaya kafin yaro ya tashi. Alamu uku sun isa ku tsaya: an ce ku ɓoye wa iyaye, an ce ba sai da takardu ba, ko an ce wani ne zai riƙe muku fasfo. Mai ba da aiki na gaskiya zai duba fasfonku ya mayar muku a hannu.

Takardu

Ƙasashe huɗun da ke kan wannan hanya duka suna cikin ECOWAS, wadda masu Faransanci ke kira CEDEAO. An kafa ta a Legas a 1975, a 1979 kuma aka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga sauran ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Mutane da yawa rabin wannan magana suka ji. Yarjejeniyar ta ɗauke biza ne, ba ta ɗauke takardar tafiya ba. Dole mutum ya riƙe fasfo mai rai ko takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, da katin rigakafi. Wanda zai wuce kwana 90, kamar ɗalibi, sai ya nemi izinin zama a ƙasar. Ku duba ranar mutuwar fasfonku tun yanzu, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai da sauran wata shida.

Katin rigakafin nan na cutar shawara ne, wadda sauro ke yaɗawa. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya ya makara. Tun watan Yuli na 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai, ba sai an sabunta bayan shekara goma kamar da ba. Akwai masu sayar da katin a tasha ba allura. Wanda ya saya ya yaudari kansa sau biyu: jikinsa ba shi da kariya, kuma yana ɗauke da takardar jabu a ƙasar da ba shi da kowa.

Yanzu ga abin da muke so ku fi riƙewa game da iyaka. A kowace iyaka tambari biyu ake bugawa a fasfo, na fita daga ƙasar da kuka bari, da na shiga wadda kuka iso. Tun kafin ku sauka daga mota za ku ga samari sun yanyame ku, wannan ya ce ya san ma'aikata, wancan ya ce akwai hanyar baya da babur, minti biyar kun ƙetare, ba layi, ba tambaya. Gaskiya ne za ku ƙetare. Amma daga wannan minti kun zama wanda ya shiga ƙasa ba bisa doka ba, kuma duk ɗan sandan da ya buɗe fasfonku a wani shinge can gaba zai ga haka. Ba za ku iya kai ƙarar wanda ya cuce ku ba, domin kuna tsoron ofishin da ya kamata ya taimake ku. Masu safarar mutane sun san wannan sarai, shi ya sa suke son hanyar daji. Ku bi layi ko da zai ci awa biyu. Ku miƙa fasfo da hannunku ga ma'aikaci mai kaki a cikin ofis. In motar kamfani kuka shiga kuma kwandasta ya tara fasfo don a buga gaba ɗaya, kamar yadda akan yi, to da ya dawo da shi ku buɗe ku ga tambarin da idonku, ku karanta kwanan wata da yawan kwanakin da aka rubuta muku, domin ba kullum ake rubuta 90 ba.

Wani zai ce ai ga su wane can shekara da shekaru ba takarda, ba abin da ya same su. Tarihi ya amsa wannan. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fita. Dubban 'yan Nijeriya suka baro gidaje da shaguna, har da waɗanda a zango aka haife su, ba su taɓa ganin Nijeriya ba. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a nan, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka kwashi kayansu suka bi wannan hanya ta Seme da Aflawo. Jakar leda mai zane da kuke zuba kayanku a ciki ranar hutu daga wannan kora ta samo sunan da kuke kiran ta da shi. A duka biyun, jiya ba wanda ya damu da takarda, yau ita ce ta raba mai zama da mai tafiya.

Iyaka ma kanta takan rufe. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, sai Disamba na 2020 aka buɗe Seme da waɗansu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an rufe iyakarmu da ita har Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, ko da yake a ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen su shiga ba biza har sai an ba da wata sanarwa. Don haka labarin wanda ya bi hanya shekara uku da suka wuce bai isa ba, ku saurari rediyo a makon tafiyarku. Ku kuma yi kwafin shafin fasfo mai hoto guda uku: ɗaya a gida, ɗaya a jakar da ba ta fasfon ba, ɗaya ku tura wa kanku ta imel.

A kan hanya

Kuɗi shi ne wurin da baƙo ya fi saurin nuna baƙuncinsa. Binin da Togo sefa ɗaya suke kashewa, wadda kuma ake kashewa a Nijar. An ɗaure ta da yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, saboda haka ba ta hawa da sauka kamar naira. Sefar Kamaru da Cadi darajarsu ɗaya da wannan, amma takardun dabam ne, mai shago a Lome ba zai karɓe ta ba. Akwai kuma wani tarko da ke kama mai jin Hausa musamman. Hausawan ƙasashen sefa, irin 'yan Nijar da za ku tarar suna kasuwanci a Kwatano da Lome, da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai shayi ya ce muku dala ɗari, sefa 500 yake nufi, in ya ce jaka ɗaya, 1,000. A Gana kuma an canja kuɗi a 2007, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma a kasuwa akan ji masu faɗin farashi da tsohon lissafi, har a kira miliyan a kan abin sidi 100. Maganin duka ɗaya ne: a rubuta muku lambar a takarda ko a waya kafin ku biya.

Ku sami labarin canji na ranar kafin ku isa iyaka. Ku canja kaɗan kawai a wurin 'yan canjin bakin hanya, ku ƙirga da kanku, kada ku mayar musu su sake ƙirgawa bayan kun gama, domin a wannan karɓa da miƙawa ne takarda ke zamewa. Ku raba kuɗinku wuri uku. Na kashewa ya zauna a aljihu cikin ƙananan takardu, don kada ku fito da dami gaban jama'a saboda ruwan leda. Kuɗin komawa gida kuwa a ware shi a jiki, a ɗauka babu shi. Wanda yake da kuɗin mota a ɓoye yana iya cewa a'a ya kama hanya, wanda ba shi da shi sai abin da aka yi da shi.

Ku tashi da asuba don ku isa da rana. Binin agogonta ɗaya da namu, amma Togo da Gana suna bayanmu da awa ɗaya, saboda haka in mai masauki ya ce ƙarfe biyar, ku tambaya na wace ƙasa. Layin wayarku na gida yana iya daina aiki da kun ƙetare Seme in ba ku shirya da kamfanin ba, batir kuma yakan mutu daidai lokacin da ake bukatarsa. Ku rubuta lambobi uku mafi muhimmanci a takarda da lambar ƙasa a gabansu, 234 ta Nijeriya, 233 ta Gana. In dare ya riske ku a hanya, ya fi ku zauna cikin tasha inda akwai haske da fasinjoji har gari ya waye, da ku bi wanda ya ce ya san wani masauki mai araha nan kusa. A Kwatano 'yan acaɓa, waɗanda ake kira zemijan, riga ruwan ɗorawa suke sawa mai lamba a baya. Ku shirya kuɗi kafin ku hau. Kada ku ɗauki hoto a iyaka ko gaban barikin soja, kada kuma ku sa tufafi mai zanen kakin soja, domin a Gana laifi ne ga farar hula kamar yadda yake a nan.

Sai maganar saƙo, wadda mun san ita ce za ta fi yi muku nauyi. An tarbiyyantar da ku kada ku ƙi aiken babba, mu ma haka muka koya muku. Da an ji za ku tafi, wannan zai kawo ƙunshin yaji a kai wa 'yarsa, wancan kwalin magani. A tasha wata uwa mai goyo za ta ce, "Ɗana, taimaka ka riƙe mini wannan jaka mu wuce kwastan, kayan sun yi mini yawa." A gaban doka kuwa abin da aka samu a hannunku naku ne, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ita ce maganar da kowane mai fasa-ƙwauri yake yi, don haka ba ta da nauyi a kunnen ma'aikaci. A ƙasashe irin su Saudiyya da Indunisiya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa, Indunisiya kuwa ta zartar da shi a kan 'yan Nijeriya a 2015 da 2016. Har wanda bai karɓi saƙo ba ma yana bukatar lura. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Ta yi wata huɗu a tsare kafin bincike ya wanke ta a 2019. Don haka ku ƙirga jakunkunanku, ku tabbata yawan takardun kaya da aka ba ku ya yi daidai da su, ku adana takardun har ku isa.

Ba mu ce ku zama marasa kunya ba. Ga ɗan'uwa ko dattijon ikkilisiya kuna iya cewa, "Baba, zan kai da farin ciki, sai dai a iyaka za a tambaye ni abin da ke ciki, bari mu buɗe tare in gani." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya ce kada a buɗe ya riga ya ba ku amsa. Ga wanda ba ku sani ba a tasha, haƙuri kawai za ku ba shi, in taimako kuke so ku yi, ku kira masa ɗan dako. Maganin da kuke sha da kanku ku bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Akwai wani rauni da ba a cika faɗa ba. Bayan awa goma kuna jin Faransanci da yarukan da ba ku sani ba, sai wani ya ce muku "Sannu, ɗan'uwa, daga ina?" Nan take zuciya za ta saki. Jin Hausa a baƙon wuri alheri ne babba, kuma sau da yawa mai sayar da tsire ko mai shago a zango shi ne zai nuna muku motar da ta dace da farashin gaskiya. Amma miliyoyin mutane ke jin Hausa a Afirka ta Yamma, cikinsu akwai nagari akwai macuta, haka ma masu gaishe ku da sunan Ubangiji. Matambayi ba ya ɓata, sai dai a san wanda za a tambaya. Ku tambayi wanda yake zaune a wurin sana'arsa, wanda gobe ma nan za a same shi, ku yi hattara da wanda shi ne ya zo ya same ku. Ba dole ba ne ku gaya wa abokin kujera cewa wannan ce tafiyarku ta fari. 'Yan mata musamman, in an tambaya, amsar ita ce ana jiranku a tasha, kuma in kun bi shawararmu ta farko ba ƙarya kuka yi ba. Abin sha da aka riga aka buɗe, a gode a ajiye.

Ɗan arewa da bai taɓa ganin teku ba zai gan shi a wannan hanya, a Lome ma titin bakin ruwan yake bi har iyakar Aflawo. Ku tsaya ku more kallo, amma kada ku shiga. Iyon da aka koya a rafi ko dam ba ya aiki a nan. Gaɓar Binin da Togo tana da igiyar ruwa mai ja zuwa ciki, tana iya kwashe ƙafar mutum a ruwan da bai wuce ƙugu ba, mai tafiya shi kaɗai kuwa ba wanda zai lura ya ɓace.

In abu ya faru

In fasfo ya ɓace, ku fara zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa ku karɓi takardar rahoto, sannan ku nufi ofishin jakadancin Nijeriya. Akwai shi a Kwatano da Lome da Akra. A can ana iya ba ku takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta mayar da ku gida, kuma kwafin nan da kuka ajiye shi zai sauƙaƙa tabbatar da ko ku wane ne. Ofishin jakadanci ba ya hana kotun ƙasar yin aikinta, kuma kada ku sa rai zai biya muku bashin otal.

In an kama ku, ko da bisa kuskure ne, kada ku gudu, kada ku ɗaga murya, kada ku fara jawabin cewa a ƙasarku ba a yin haka. Ku faɗi sunanku da ƙasarku, ku roƙa a sanar da ofishin jakadancinku. Wannan haƙƙi ne da ke cikin yarjejeniyar Biyana ta 1963 game da hulɗar ƙananan jakadu, amma sai wanda aka tsare ya nema ake sanarwa, saboda haka ku nema da bakinku, ku maimaita. A Binin da Togo da Faransanci za a rubuta bayaninku. Kada ku sa hannu a takardar da ba ku iya karantawa ba sai an kawo tafinta ya karanta muku ita layi layi. In an ba ku damar kira ɗaya, mai masaukinku za ku kira, domin shi ne zai iya isowa ofishin a ranar, shi kuma ya sanar da gida.